Na je sayen feda a Zongo Lane, Baba ya zaunar da ni ya kunna min faifai

Bari in fara da abin da ya kai ni shagon, don in ban faɗa ba ba za ku gane me ya sa nake yabon tsohon da ya riƙe min jita har sati uku ba. Ni tela ne a Maamobi, wata unguwa a Akra ta Gana, ɗinki shi ne abincina, amma Asabar da Lahadi ina bin wasu samari muna kiɗa a wajen biki da suna, ni ke riƙe da jita. Jitar tawa ƙirar Stratocaster ce amma ba ta asali ba, irin waɗanda ake shigowa da su a kwantena tare da tsofaffin firji da talabijin, a hannun wani yaro na saye ta a Circle shekara uku da suka wuce. Tun ranar da na saye ta take wani ƙugi, zzzzz, kamar an kulle zuma a cikin sifika, kuma na saba da shi har na daina ji. Sai wani biki a Fadama, an yi tsit uwar amarya za ta yi magana, ƙugin nan ya cika kanofi gaba ɗaya, mai kula da na'urar sauti ya juyo ya harare ni ya zo ya zare kebur ɗina a gaban kowa, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A tunanina feda ce maganin, wato 'yar na'urar da mai jita ke takawa da ƙafa ta canza masa sauti. Duk wanda ya taɓa zama cikin dare yana kallon masu jita a YouTube ya san wannan ciwon, ka ga mutum da feda goma a gaban ƙafarsa sai ka ce ai shi ya sa nasa ke daɗi nawa ba ya yi. Na tara sidi 800 a gwangwanin Milo, niyyata in sayi ta distoshan ɗaya, mai sa sauti ya yi kaushi da ƙarfi, in kuɗi ya ragu in ƙara da wacce ake takawa tana wa-wa-wa ɗin nan. Mai bes ɗinmu ne ya ce kafin ka zubar da kuɗinka je ka ga wani tsoho a Zongo Lane.

Wurin can cikin gari ne, in ka sauka daga trotro, wato motar haya, a Tudu ko Makola tafiyar ƙafa ce, layin nan na masu wayoyin wuta da sifiku da kayan gyaran rediyo. Babu allo babu suna, wani siririn bene kake hawa tsakanin mai sayar da ƙwan fitila da mai gyaran fanka, in ka fara jin jita daga sama to ka iso. Mai shagon kowa Baba yake ce masa, ɗan Sabon Zango ne, ya ba shekara 70 baya, kuma ya ce kar in sa sunansa a intanet don ba ya son yaran da ke zuwa ɗaukar hoto su tafi ba su sayi ko tsirkiya ɗaya ba, to na bi umarni. Ɗakin bai fi ɗakin kwanana girma ba. Jitoci kamar goma sha biyu a rataye a bango, yawanci na mutane ne da suka kawo gyara kuma yawancin mutanen 'yan kiɗan coci ne, a ƙasa akwatunan lemo cike da fayafayai, a kusurwa buzun salla da buta, tebur ɗaya da ƙarfen soda da gwangwanin madara cike da ƙananan notuna, sai garmaho a kan wata tsohuwar kabad an lulluɓe shi da ɗankwali saboda ƙura.

Na yi sallama na gaishe shi na ce Baba feda nake nema. Ya ce wace iri. Na ce distoshan, sannan in akwai wawa ina so. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau daga sama har ƙasa ya ce ai ka zo da shi. Yaron shagonsa ya fashe da dariya, ni kuma sai da na yi daƙiƙa biyar kafin in gane ni ake nufi. Haka yake, in ba ka iya ɗaukar ba'a kar ka je.

Ya karɓi jitar ya jona ta a wani ƙaramin amf, akwatin sifikar da ke ƙara wa jita murya, ƙugin ya tashi. Ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin, ba abin da ya canza. Ya taɓa ƙarfen bakin ramin da ake sa kebur, ƙugin ya faɗi kusan rabi. Ya ce ka gani, wayar ƙasa ce ta tsinke. Ya kifa jitar a kan tawul ya kwance murfin baya, ga ta nan kuwa, wata baƙar siririyar waya da ya kamata a ce tana manne da ƙarfen da ke riƙe da sifirin tana reto ita kaɗai, wa ya san shekara nawa ta yi a haka. Minti biyu ya yi da ƙarfen soda da dalma. Abin da ya sa ni jin kunya a gaban surukan mutane ke nan, minti biyu. Amma abin da ya sa na fara yarda da shi shi ne bai yi min ƙarya ba, ya ce ɗana ƙugin ba zai tafi duka ba, irin wannan fikof ɗin mai naɗi ɗaya, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, haka Allah ya yi shi, yana jawo ƙarar wutar lantarki daga fanka da fitila da taransifoma, ko na Amurka mai tsadar ma yana yi, sai dai a shimfiɗa takardar ƙarfe a cikin ramin a rage shi, sannan in za a yi shiru a wajen biki ka mayar da makunnin zaɓen fikof wuri na biyu ko na huɗu inda fikof biyu ke aiki tare, ko kuma ka rufe muryar jitar gaba ɗaya kamar mai hankali. Da distoshan ɗin da na zo saye na saya, ƙugin za ta ninka min, don ita duk abin da ta samu take ƙara wa ƙarfi, mai kyau da maras kyau.

Daga nan ya ɗaga jitar ya saita ido daga kai zuwa gindi kamar mai duba bindiga, ya ciro kwabon sidi ɗaya ya zura tsakanin tsirkiya da firet na goma sha biyu, cikin ƙarafan nan da ke jere a wuyan jita, ya wuce sumul har da sarari. Ya ce wuyan ya lanƙwashe, danshin teku na Akra ya kumbura itacen, hunturu ya zo ya busar da shi, shekara uku ba wanda ya taɓa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan. Ya ce kwatan zagaye ɗaya kawai ake juya ta a bar itace ya kwana ya huta sannan a sake dubawa, wanda ya yi gaggawa ya karya ta to jita ta zama itacen girki. Ka bar ta ka dawo Alhamis. Na miƙe zan tafi ya ce zauna, ina za ka, ai ba ka ji komai ba tukuna.

Nan ne ainihin abin da shagon nan yake sayarwa ko da yake ba ya karɓar kuɗinsa. Ya yaye ɗankwalin ya hure allura ya ɗora faifai, kuma yana da doka, in gefe ɗaya na juyawa ba a magana ba a taɓa waya, wajen minti ashirin ke nan. Wanda ya fara sa min Band of Gypsys ne na Jimi Hendrix, na 1970, wanda aka ɗauka kai tsaye a gaban jama'a a Fillmore East a New York ranar 1 ga Janairun shekarar, mutum uku kacal, shi da Billy Cox a bes da Buddy Miles a ganga. Gefen farko waƙa biyu ne kawai, ta biyun Machine Gun ta haura minti goma sha biyu. Na sha jin ta a waya da abin kunne ina ɗinki, amma ban taɓa zama na ji ta ba. Lokacin yaƙin Biyetnam ne, jitar tana ɓarin harsashi gangar tana amsa mata, sannan akwai wani wuri da ya ja tsirkiya ɗaya ya riƙe ta, ya riƙe ta, ya ƙi saki, sautin yana rawa yana kuka kamar mace a gidan makoki, sai da tsigar jikina ta tashi cikin wannan zafin.

Da allura ta kai ƙarshe na ce to Baba ai shi ma da feda yake yi, har da wawan da kake zagina a kai. Ya ce sosai ma, yana da su kuma ya iya su, ban ce ba shi da su ba. Ya saukar da wata jita daga bango ya miƙo min ya ce danna tsirkiya ta uku a firet na tara ka ji. Na danna. Ya ce to koma na bakwai ka tura ta sama har ta ba ka wannan sautin daidai. Na tura, ban kai ba. Na sake, na wuce. Na sake, ban kai ba, yatsana ya zame. Ya ce shekara nawa kana kiɗa, na ce biyar. Bai ce komai ba ya karɓi jitarsa ya rataye, wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Sai can ya ce wannan kukan da ya tayar maka da tsiga yatsa ne ya kai shi inda yake, feda tsawaita shi kawai ta yi, in ka tsawaita sautin da bai kai ba kuskurenka ka tsawaita.

Hendrix ɗin nan bahago ne, jitar masu dama yake ɗauka ya juya ta ya sake jera tsirkiyoyin, yana ɗora babban yatsa ta saman wuya ya danna mai kaurin da shi sauran yatsun su samu sakewa, kuma albam uku kawai ya fitar daga situdiyo yana raye, Are You Experienced da Axis: Bold as Love a 1967, Electric Ladyland a 1968, ya mutu a Landan a Satumbar 1970 yana da shekara 27. Ƙanena na biyu ya girme shi yanzu. Abin ya tsaya min a rai duk hanyar komawa Maamobi.

Alhamis na dawo, jita ba ta gamu ba. Ya ce wuyan na son ƙarin kwata ɗaya. Raina ya ɓaci don na rufe shago na bar ɗinkin mutane, amma ya riga ya ɗora faifai, Abraxas na Santana, shi ma na 1970, kuma nan ne na gano inda tsohon nan ya kamu da ciwon. Ranar 6 ga Maris 1971, bikin cika shekara 14 da samun 'yanci, an yi gagarumin wasan nan na Soul to Soul a Black Star Square, Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Roberta Flack da Staple Singers da Santana duk sun zo Akra, aka kwana ana kiɗa. Baba ya ce yana matashi lokacin, ya sulale daga Sabon Zango da ƙafa bayan isha'i, shi da abokansa Wilson Pickett suka je gani kamar kowa, amma wani siririn mutumin Meziko, mai jitar Santana, da ya rufe ido yana jan tsirkiya shi ya biyo shi gida. Ya dawo rana ta fito ya rasa asuba, mahaifinsa na zaune a ƙofar gida da dorina. Ya ce dukan ya warke cikin sati, abin da ya ji a filin nan bai warke ba har yau.

Ni a ganina in za ka ba yaron Zango albam ɗin rok na farko a rayuwarsa to Abraxas za ka ba shi ba Hendrix ba, saboda gangunan ba baƙi ba ne a kunnenmu, ƙafarka za ta gane su kafin kanka ya gane jitar. Kuma mutanen ba su ɓoye inda suka ɗebo ba, Oye Como Va ta Tito Puente ce, Black Magic Woman Peter Green na Fleetwood Mac ne ya rubuta, a albam ɗinsu na farko na 1969 ma akwai Jingo da suka ɗauko daga Babatunde Olatunji na Najeriya. Wacce Baba ya maimaita min sau biyu ita ce Samba Pa Ti, babu murya ko ɗaya, jita ce ke waƙar a hankali, ya ɗaga yatsa ya ce saurari inda yake yin shiru, yana numfashi kamar mai magana, kai kuma in ka samu solo sai ka yi ta zuba kamar famfon da ya lalace. Bai taɓa jin solo ɗina ba fa. Amma gaskiya ya faɗa.

Akwai wani faifai da ya jingina a bango sama da garmahon, mai hoton giwa da fukafukai tana tashi, na farkon Osibisa na 1971, Roger Dean ne ya zana bangon. Teddy Osei da ƙanensa Mac Tontoh 'yan Kumasi da Sol Amarfio su suka kafa ƙungiyar a Landan a 1969, mai jitarsu Wendell Richardson ɗan tsibirin Antigua ne. Na tambayi kuɗinsa ya ce ba na sayarwa ba ne ko da za ka kawo kuɗin Hajji. Na tambaye shi to duk wannan kiɗan da ake yi a garin nan ina ya tafi, me ya sa yanzu in kana neman mai jita sai ka je coci. Ya ce dokar hana fitar dare. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an fi shekara biyu ba a fita da dare, wanda abincinsa kiɗan otal ne da gidan rawa me zai ci, wasu suka tafi Jamus wasu Legas wasu suka shiga coci don can ne kaɗai kayan kiɗa da masu sauraro suka rage, shi kuma da yake ba zai shiga coci ba sai ya zama mai gyara wa 'yan coci jita. Ya faɗe shi yana dariya amma ba dariyar daɗi ba ce.

A zuwa na uku ne na yi ƙorafin yatsu, na ce Baba duk Litinin in na riƙe allura ji nake kamar na taɓa wuta. Sai ya ciro Paranoid na Black Sabbath, 1970 kuma, shekarar nan dai ta yi albarka. Ni gaskiya ba nawa ba ne, muryar mawaƙin tana hawa min kai, kuma da mahaifiyata ta ji sunan ƙungiyar da ta kira malam ya yi min tofi, dama tun farko jita a wurinta kayan shashanci ce. Amma labarin mai jitar ya kama ni. Tony Iommi yana shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe a Birmingham inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi, ya narkar da robar kwalba ya yi wa kansa hulunan yatsa, ya koma sirarun tsirkiyoyi har da na banjo don su yi masa laushi, daga baya a Master of Reality na 1971 ya sassauta ɗaurinsu sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi, wannan nauyin da dubban masu jita suka bi suna kwaikwayo daga larura ya fito. Baba ya ce kai kuma yatsunka goma cif kana fama da tsirkiya lamba 11 a kan lanƙwasasshen wuya don wani a YouTube ya ce masu kauri sun fi sauti. Ya sa min lamba 9. Kamar an cire min dutse daga hannu.

Inda muka ɗan yi gardama shi ne kan Dire Straits. Ya sa na farkonsu na 1978 mai Sultans of Swing, inda Mark Knopfler ke kaɗawa da yatsu babu fik, 'yar robar nan ta kaɗa tsirkiya, sauti tas babu datti, sannan ya ɗauko wata tsohuwar jitar akwati ya kaɗa Yaa Amponsah da babban yatsa da manuni, salon nan da Kumasi Trio suka ɗauka a faifai a Landan tun 1928, wanda Koo Nimo ya riƙe har tsufansa, ya ce ka ji, abu ɗaya ne, Baturen nan ɗan gidanmu ne bai sani ba. Na ce Baba wannan kuma son kai ne, mutumin kiɗan ƙauyen Amurka ya saurara. Ya ce su kuma a ina suka samo. Ban biye masa ba. Kar wani ya ɗauki wannan a matsayin tarihi, ra'ayin tsoho ne a ɗaki mai zafi, amma dai kunne na jin 'yan uwantakar, kuma tun ranar nake ajiye fik in gwada da yatsu in ba kowa a shago.

Sau ɗaya na rama. Shi a wurinsa duk abin da aka yi bayan 1985 hayaniya ce, na ambaci Nevermind na Nirvana na 1991 ya ce yara ne da ba su ci abinci ba suke ihu. Sai na karya dokarsa na ciro waya na kunna masa bidiyon Mdou Moctar, Buzun Nijar ɗin nan, yana kaɗa Afrique Victime ta 2021. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da tabarau, ga mutum da rawani, bahago, da farar jita, yatsunsa na gudu kamar mai kaɗa gurmi amma sautin na tsaga sifika. Na gaya masa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta don gidansu ba sa son kiɗa. Baba ya yi shiru har ta ƙare, ya ce sake. Na sake. Ya ce wannan ya ji Hendrix amma bai bar gida ba. Sannan don kar in tafi da nasara ya ƙara da cewa marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya a kuntigi yake tsayar da fili, wannan da wayar keke ya fara, kai shida gare ka kana neman wawa.

To yanzu abubuwan da ba su yi min ba, don kar a ce an ba ni kuɗi. Na farko lokaci. Aikin da ya ce Alhamis sati uku ya ɗauka, wani ɓangaren na itace ne na yarda, amma wani ɓangaren shi ne jitocin coci na shiga gabanka duk Juma'a da Asabar don su Lahadi ba ta jira, sannan ranar da aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, ƙarfen soda ba ya aiki shi ke nan an tashi. Sau ɗaya na zo tun daga Maamobi cikin cunkoson Circle na tarar da kwaɗo a ƙofa, ya tafi jana'iza, wayarsa kuma in ka kira sau goma sau ɗaya yake ɗauka. Ba ya karɓar momo, wato kuɗi ta waya, sai ka sauka ka nemi mai cirewa ka dawo ka sake hawa benen. Zafin ɗakin kuma ba a magana, fanka ɗaya ce kuma yana kashe ta in zai gwada fikof.

Na biyu fayafayan. Kuɗin gyara ba laifi, sidi 300 ya karɓa har da sabbin tsirkiyoyi da takardar ƙarfen da ya shimfiɗa da saita sautin kowace tsirkiya a firet na goma sha biyu, wannan araha ne ga aikin da na gani da idona. Amma farashin faifai a fuskarka yake karanta shi, kuma tun da masu zuwa daga Turai suka fara bin tsofaffin fayafayan Gana suna saye ya ɗauka kowane faifai zinariya ne. Led Zeppelin na huɗu na 1971 da ya nuna min bangon ya ci ruwa gefe ya cinye amma kuɗin da ya faɗa ya kai ɗinkin kaftani biyu. Na sayi Dire Straits ɗin a 200, na kai gidan kawuna a Nima da yake shi ne mai garmaho a danginmu, muna zaune da shayi ana cikin solo na ƙarshe na Sultans of Swing daidai inda yatsun ke gudu allura ta yi tsalle ta koma baya, ta sake, ta sake. A shago gefen farko ya sa min sai waƙa ɗaya daga na biyun kuma ya ɗaga allurar kafin ta kai nan, ban ce da gangan ba ne amma dai ya ɗaga. Na mayar masa ya ce faifai in ya sauka bene ya zama naka, ya wanke min shi da ruwa da ɗigon sabulu ya ce ɗora ƙaramin kwabo a kan hannun allurar, wanda ni na san cin faifai yake yi. Wannan bai kyauta ba kuma na gaya masa a gabansa. Saboda haka in za ka saya ka fito da shi bakin taga ka karkata shi a haske ka duba ƙarzuwa, ka ɗora shi a tebur ka ga ko zafi ya lanƙwasa shi, kuma ka dage sai an kunna maka gefe biyun har ƙarshe ko da zai yi maka ba'a.

Abu ɗaya da zan ƙara don na ga ya ceci wani a gabana, wani yaro ya shigo da amf da yayansa ya aiko masa daga Amurka zai jona a bango kai tsaye, Baba ya daka masa tsawa ya fizge filogin, na can wutar 120 yake ci tamu kuma 230 ce, in babu taransifoma hayaƙi kawai za ka gani. Bai karɓi ko sisi a kan wannan ba.

Asabar da ta wuce mun yi biki a Madina, mai na'urar sautin nan dai shi ne, aka yi shiru za a yi addu'a na mayar da makunni wuri na biyu na rufe murya da ƙaramin yatsa, bai ko kalli inda nake ba. Sauran sidi 300 na nan a gwangwanin Milo. Fedar wawan ma tana nan a cikin gilashin Baba da ƙura a kanta, na sake tambayarsa ya ce in dawo bayan Salla in tura tsirkiya ta uku daga bakwai zuwa tara sau goma a jere a gabansa, in na kai duka goman zai sayar min har da ragi. Jiya da dare bayan na rufe shago na gwada, shida na samu.